Hujjar da Alƙali Ya Ƙi

Laraba, 6 ga Agusta, bayan sallar asuba

Gwaggo Hajo ta ce in ci wani abu kafin in fita. Na ce mata na ci. Ta dubi kwanon koko, ta dube ni, ta koma kan turaren wutan da take haɗawa.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a ofishin Malam, mai duba aikin digirina, ba. Allin da ya suɓuce masa yana nan a ƙasa, na san babu wanda ya ɗauke shi. Takalminsa na dama ma yana can. Sai da muka kai shi asibiti na lura.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Iyalinsa kaɗai ake bari su shiga. Na zauna a benci kusa da matarsa, Hajiya Sa'ida. Can ta ce, "Ummulkhairi, an ce ke ce a wurinsa. Me kuke yi?"

"Aiki muke dubawa, Hajiya."

"Wane irin aiki?"

Na ce na makaranta. Ta gyara mayafinta, ba ta ƙara tambayata ba. Likita ya ce jininsa ya daɗe yana hawa, shekaru ne ba kwanaki ba. Na maimaita wa kaina wannan maganar tun daga bakin asibiti har gida a Ƙofar Na'isa.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan azahar

Ruwa ake yi tun safe, ba fita. Bari in rubuta wa kaina aikin, ko don in ga kaina yana nan yadda na bar shi.

Tun ina goye, Farfesa Mikail, wanda mu ɗalibansa muke ce wa Malam, ya ƙirƙiro wata hanya da kwamfuta za ta bi ta gane ko tarin maganganu suna karo da juna. Ka ce mata duk mai kaza yana da kaza, wane yana da kaza, wane ba shi da shi. Ita kuma sai ta dinga zana ɗigo tana haɗa su da kibiya, kowane ɗigo wani hali ne da zai iya kasancewa. Idan ta ko'ina ta ci karo, ta ce maganganun ba za su zauna tare ba. Idan ta sami mafita, ta ce za su zauna. Abin da ya ɗaga sunan Malam shi ne hujjar da ya kafa cewa hanyar nan ba ta ɓata. Ko me ka ba ta, dole wata rana ta tsaya ta ba da amsa.

Aikina na digiri na uku a ƙarƙashinsa shi ne in sake rubuta wannan hujja layi bayan layi, cikin yaren wata manhaja mai tantance hujjoji. Manhajar ba ta san farfesa ba, ba ta san kunya ba, kuma ba ta karɓar "wannan ai a bayyane yake". Malam ne ya raɗa mata suna Alƙali. Layin da ta yarda da shi ya koma kore, wanda ta ƙi ya yi ja. Shekara biyu ina wannan aiki. Komai ya yi kore, in ban da wuri ɗaya a tsakiya.

Wurin nan na kai masa ranar Talata.

Lahadi, 10 ga Agusta, da walaha

Ja ne har yanzu.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Na yi wata shida ina ɗauka ni ce ban iya yi wa Alƙali bayani ba. Yau a cikin adaidaita sahu, daidai Kabuga, wani tunani ya faɗo mini: idan kuma Alƙali ne mai gaskiya fa?

Na ji kunyar tunanin, amma ya ƙi barina. Ina isa sashenmu na juya tambayar. Na daina roƙon kwamfuta ta yarda da hujjar, na sa wata manhajar ta nemo mini misali ɗaya tak da zai ƙaryata ta. Ta fara da ɗigo ɗaya, ta gwada duk yadda za a iya ja masa kibiya, ta wuce biyu, ta wuce uku, haka dai. Na bar ta tana aiki a babbar kwamfutar sashe, tunda tana kan sola.

Mutum yana kwance a asibiti, ni kuma ina nan ina tona masa ƙarƙashin gini. Na sani. Amma ina son in sani, kuma wannan son ya fi ƙarfin kunyata.

Ƙofar ofishinsa a kulle take. Ban bi ta wannan barandar ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Ta samo.

Laraba, bayan azahar

Ɗigo uku ne kawai. Na farko yana nuna na biyu, na biyu yana nuna na uku, na uku ya juyo yana nuna na farko, sai wata kibiya guda mai komawa baya. Na ɗora hanyar Malam a kansu na zauna ina kallo. Ta shiga, ta zagayo, ta sake shiga. Duk zagayen da ta yi sai ta haifi sabon ɗigo, ta ɗauka sabon wuri ta zo. Fankar laftof ɗina ta dinga kuka har sai da na kashe da hannuna.

Allah ya gafarta mini, daɗi na fara ji. Na tashi na zagaya ɗakin ina dariya ni kaɗai. Abu ƙarami haka, wanda yaron firamare zai iya zanawa, ya yi shekara talatin a ɓoye a gaban idon masana. An karanta takardar nan a ƙasashe da dama, an koyar da ita. Ta yaya kowa ya tsallake? Na koma na karanta sakin layin da Malam ya rubuta. Yana da daɗin karatu ƙwarai. Ina jin daɗin ne ya sa ido yake zamewa a kansa kamar ƙafa a kan santsi.

Sai bayan dariyar na tuna waye ya rubuta shi, da inda yake kwance.

Juma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Sashe ya naɗa Dakta Nazeer ya riƙe ɗaliban Malam kafin a ga abin da Allah zai yi. Ya tambaye ni inda na tsaya, ni kuma ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ya duba zanen, ya cire tabarau, ya mayar.

"Malama Ummulkhairi, kin san abin da ke hannunki kuwa? Wannan babbar takarda ce. Mu rubuta mu tura kafin wani ya riga mu."

"Malam bai gani ba, Dakta."

"Na je na duba shi jiya. Ko sunan 'ya'yansa ba ya iya kira." Ya sassauta murya. "Ni ma shi ya koyar da ni. Amma wa'adin karatunki Disamba zai ƙare, kuma hujjar da kika gina komai a kanta ta rushe. Ko dai ki kai musu rushewar, ko ki je hannu rabbana."

Ban ga ƙarya a maganarsa ba, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ya ce shi ke nan.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan la'asar

An sallamo Malam, yana gidansa a Koki. Lungun ya cika da ruwa, sai da na cire takalmi na taka duwatsun da aka jera.

Hajiya ta tare ni a soro. "Ki gaishe shi, ki yi masa addu'a. Ban yarda da zancen makaranta ba, ko kalma ɗaya."

An shimfiɗa masa katifa a falo. Ya rame. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa kamar wani ne ya manta shi a nan. Na gaishe shi, ya ce, "To." Na ce ya jiki, ya ce, "To." Hajiya ta ce kalmar da ta rage masa ke nan, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa.

Mutumin da yake awa uku a gaban allo ba ya kurɓar ruwa.

Idonsa bai bar jakar laftof ɗina ba har na fito.

Talata, 19 ga Agusta, da magariba

Yau na ga wani abu a Koki da ya hana ni zama.

Wani tsohon abokinsa, Alhaji Ɗantani mai sayar da yadi a kasuwar Kwari, ya zo dubiya. Mutum ne mai zance. Ya ce shi kam tunda aka haife shi bai taɓa kwanciya a asibiti ba, zuma da habbatussauda sun ishe shi. Aka ci gaba da hira, aka shiga zancen ruwan bana da katangar da ta faɗi a Yakasai. Can ya ce, "Ai shekarar da aka kwantar da ni aka yi mini aikin ido, ruwan ya fi wannan."

Babu wanda ya lura, har ni. Sai Malam ya bugi katifa da hannun hagu, ya nuna Alhajin, ya juyo ya dube ni gira a ɗage. Kallon nan na san shi. Shi yake yi wa ɗalibi idan shafinsa na biyu ya ƙaryata na farko.

To ashe yana nan ciki. Kalmomin ne suka tafi, mai auna su yana zaune.

Tun ɗazu nake ta juya abin. Mu a fanninmu komai alama ne. Alƙali ba ya tunani sai da rubutu, cire masa haruffa ka ga ya zama akwati. Na ɗauka mutum ma kusan haka yake, da magana yake tunani, ko da a zuci. To Malam da me ya kama Alhaji Ɗantani? A ina ya ajiye magana ta farko har ta biyu ta zo ta same ta?

Laraba, 20 ga Agusta, bayan sallar asuba

Na gaya wa Gwaggo komai, har da ɗigo ukun. Ta ce, "Ummi, ki bar dattijo ya warke. Abin da ya jira shekara talatin ba zai jira wata biyu ba?"

Na ce shi zai jira, ni ce ba zan iya ba, Dakta Nazeer ma haka.

"To ki tambayi matarsa. Gidanta ne."

Alhamis, 21 ga Agusta, da azahar

Na tambaya. Hajiya ta ce a'a tun kafin in kai aya. Ta kuma ce wata magana game da ranar Talatar nan. Ba zan rubuta ta ba. A gajiye take, kwana nawa ba ta yi barci ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Ban je ko'ina ba. Na taya Gwaggo daka hawi da sandal na turaren wutanta. Ban buɗe laftof ba.

Litinin, 25 ga Agusta, da walaha

Hajiya ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Ki zo da jakar nan taki. Tun ranar da kika daina zuwa ya ƙi abinci, sai nuna ƙofa yake yana zana murabba'i a iska. Na kawo masa Alƙur'ani ya sumbata ya ajiye, na kawo madubi ya ture. Ya hana ni sakat. Amma wallahi idan wani abu ya same shi..."

Ba ta ƙarasa ba. Na ɗauki jakar.

Litinin, bayan la'asar

Sai na rubuta wannan tun da zafinsa.

Ban buɗe kwamfuta ba. Na kifa faranti a cinyarsa, na ɗora farar takarda, na zana ɗigo ukun da kibiyoyinsu. Na ce, "Malam, wurin nan da Alƙali ya ƙi. Ga dalili." Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa da na'urar awon jini a hannu.

Ya ɗora yatsan hagu a ɗigo na farko. Ya bi kibiya zuwa na biyu, zuwa na uku, ya dawo. Ya sake. Ya sake, a hankali. A zagaye na huɗu ya tsaya, yatsan yana kan kibiyar nan mai komawa baya. Ya daɗe a haka. Ina jin ɗigar ruwa daga indararo cikin bokiti. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Hajiya ta yo kansa da gudu. Ashe dariya yake, da rabin fuska, hawaye yana zuba ta ido ɗaya. Ya dube ni ya jinjina kai, irin jinjinar da ban taɓa samu ba a shekara biyu.

Daga nan ya miƙa hannu cikin kwanon dabinon da ke gefensa, ya ɗauko ƙwallo ɗaya da aka tofar, ya ajiye a kan ɗigo na farko. Ya sake zagayawa da yatsa. Da ya iso wurin ƙwallon, sai ya ɗaga yatsan sama, ya ƙi shiga.

Na ce, "A sa wa wurin da aka riga aka shiga alama, kada a sake shiga?"

"To!"

Hajiya ta auna jininsa har sau biyu. Ta ce lafiya lau. Ya ci tuwo rabin malmala ina zaune.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Na rubuta gyaran Malam na ba Alƙali. Yanzu hanyar tana tsayawa, wannan ya yi kore. Amma wani wuri da yake kore a da ya koma ja. Tana tsayawa da wuri fiye da kima, har takan ce maganganu sun zauna lafiya alhali karon yana gaba kaɗan. An toshe nan, can ya ɓalle.

Abin mamaki, ban ji haushi ba. Sauri nake in kai masa.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Na nuna masa sabon misalin. Ya ɓata rai, ya share ƙwallon daga kan takarda har ya faɗa ƙarƙashin kujera. Ya juya fuska bango. Na zauna, ban san ko in tafi ba. Hajiya ta yi mini alama da ido in bari.

Yaran Islamiyyar bayan gidan suna ta bitar waƙoƙin Mauludi, baiti ɗaya suke maimaitawa. Malam bai motsa ba har aka kira magariba. Na tafi.

Asabar, 30 ga Agusta, da safe

Hajiya ta turo mini hoto a waya, babu rubutu. Takardata ce a kan faranti, da ƙwallayen dabino biyu, ɗaya a kan ɗigo, ɗaya a kan ɗigon da ke bayansa.

Na daɗe ina kallo kafin in gane. Ba wurin da ka iso kaɗai za ka duba ba, har da wurin da ka fito. Sai biyun sun yi daidai da wasu biyun da ka taɓa wucewa sannan za ka ce ka dawo. Kamar lungunan Koki ne, ƙofa takan yi kama da ƙofa, sai ka tuna ta wace kwana ka ɓullo.

Ya yi wannan ba da kalma ko ɗaya ba. Ni zai ɗauke ni shafi nawa kafin Alƙali ya fahimta?

Litinin, 1 ga Satumba, da azahar

Dakta Nazeer ya ce wata ya ƙare. Na nuna masa hoton. Ya ƙura masa ido, ya ce, "Wa ya ajiye waɗannan?" Na faɗa masa. Ya tashi ya tsaya a bakin taga, ya ba ni baya. Da ya juyo ya ce in ba shi rabin layukan ya taya ni rubutawa, kuma kada in sa sunansa a ko'ina.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Saura wuri biyu. Bayana ciwo yake. Gwaggo ta ce na fara magana da kwamfuta kamar mai aljanu.

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

Kore. Daga sama har ƙasa.

Na sake kunna shi daga farko don in tabbata, na zauna ina kallon layukan suna sauya launi ɗaya bayan ɗaya. Sannan na yi sujada a kan tabarmar Gwaggo.

Talata, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Na kai masa daftarin takardar. Ya ga koren, ya gyaɗa kai sau ɗaya kawai, kamar dai ya san hakan za a yi. Rubutu har yanzu ba ya shigar masa, don haka na ce zan karanta masa shafin farko. Hajiya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, labule a ɗage.

Na yi kwana biyu a kan jimla ta farko, ina neman yadda zan faɗi abin ba tare da na taɓa shi ba. Na karanta da Turanci, na mayar masa da Hausa: "Hujjar da aka gabatar a baya tana buƙatar ɗan ƙarin bayani."

Ya girgiza kai.

"To, tana da ɗan giɓi?"

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya bugi katifa.

"Ba ta cika ba? An yi tsallake a cikinta?"

Ya kama bakin mayafina da hannun hagu ya ja, wai in yi shiru. Ya rufe ido. Leɓensa ya dinga motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsatso masa a goshi. Na ji tsoro, na buɗe baki zan kira Hajiya.

"Kus," ya ce. Ya numfasa. "Kus... kure."

Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna takardar, ya sake faɗa, wannan karon a haɗe: "Kuskure."

Na ji faɗuwar tire a tsakar gida, shinkafa ta watse, kaji suka yo kai. Hajiya ta shigo tana salati, ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannun nan na dama, tana kuka tana dariya. Ta juyo gare ni tana share ido da gefen zani.

"Ummulkhairi, ki zama shaida. Shekara talatin da takwas ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Sai yau da Allah ya buɗe bakin, da ita ya fara."

Na goge jimlar, na rubuta yadda ya ce.